Jagora ga Sabon Matuƙi: Yadda Ake Tafiyar da Kakar Tseren Jiragen Iska a Ƙaramin Kulob

Kafin mutum ya taɓa igiya ko ya ɗaga filafili, wato ƙyallen da iska ke bugawa ta tura jirgin ruwa, ya kamata ya zauna ya fahimci yadda ake lissafin maki, domin daga wannan lissafi ne kusan kowace shawara ta kakar tsere take fitowa. Tsarin da aka fi amfani da shi yana ba wanda ya zo na ɗaya maki 1, na biyu maki 2, na uku maki 3, haka har zuwa na ƙarshe, kuma wanda ya fi ƙarancin maki a ƙarshen kaka shi ne zakara. Wanda bai fito ba, ko ya fito bai kammala ba, ko aka kore shi saboda karya doka, ana rubuta masa adadin jiragen da suka yi rajista a ƙara ɗaya. Ana kuma yafe wa kowa mafi munin sakamakonsa, wani kulob sau ɗaya, wani sau uku ko fiye idan tseren yana da yawa.

Mu ɗauki misali da kulob mai jirage 15 da tsere 12, inda ake yafe sakamako 3. Wani gwani ya ci tsere biyar, ya zo na biyu sau biyu, amma bai fito ba sau biyar. Bayan an yafe masa uku, saura biyu masu maki 16 kowanne suna nan a wuyansa, jimillarsa ta zama 41. Wani kuma bai taɓa cin tsere ba, amma duk mako yana nan yana zuwa na huɗu, jimillarsa ta tsaya a 36, ya kuma sha gaban gwanin. Wannan shi ne tushen jagorar nan gaba ɗaya: a ƙaramin kulob, fitowa kowane mako da kauce wa babban kuskure sun fi bajintar rana ɗaya tasiri.

Mataki na farko: zaɓen jirgi

Shawarata ita ce kada ka sayi jirgi a makon farko. Ka je kulob ɗin ranar tsere, ka ƙirga irin jiragen da suke shiga ruwa da gaske, ka bar ƙirga waɗanda ke kwance a fili an lulluɓe su. Irin da ya fi yawa shi ne naka, saboda da shi za ka sami abokan gwaji, da kayan gyara na aro, da wanda zai duba saitinka ya gyara maka. Sau tari matuƙan jiragen mutum biyu suna neman abokin tuƙi, kuma mako huɗu ko biyar a wannan kujera za su koya maka abin da littafi ba zai koya maka ba.

A kulob da yawa za ka tarar da jirgin mutum ɗaya da aka sani da Laser, wanda yanzu ake kira ILCA. Bruce Kirby ne ya zana shi, ya shiga kasuwa a 1971, ya kuma shiga wasannin Olamfik a 1996. Gangar jikinsa ɗaya ce, amma filafilinsa iri uku ne, mai faɗin murabba'in mita kusan 7, da mai kusan 5.8, da mai 4.7, don haka sai ka zaɓi wanda nauyinka zai iya danne shi. Yara kuwa galibi da Optimist suke farawa, ɗan jirgin da Clark Mills ya zana a 1947 a jihar Florida ta Amurka.

Idan jiragen kulob ɗin iri-iri ne, ana daidaita su da lissafi. A tsarin Portsmouth na Birtaniya kowane irin jirgi yana da lambarsa, wadda ake sabuntawa daga sakamakon da kulob-kulob ke aikawa. Ana ninka daƙiƙun da jirgi ya yi da 1000, a raba da lambarsa. Jirgi mai lamba 1100 da ya yi minti 55 zai fito da daƙiƙa 3000, shi kuwa mai lamba 900 da ya yi minti 46 zai fito da kusan 3067, wato wanda ya iso daga baya shi ya ci. Saboda haka a irin wannan tsere agogo ne abokin hamayyarka, ba ka sassauta wa kanka ko da ka ga babu kowa kusa da kai.

Mataki na biyu: takardu da dokoki

Takardu biyu ne ke mulkin kakar: sanarwar tsere, wadda ke faɗin ranaku da sharuɗɗan shiga, ciki har da inshorar ɓarnar da jirginka zai iya yi wa wani, da kuma umarnin tsere, wanda ke bayyana hanya, da alamomin da za a kewaya, da tutoci, da yawan sakamakon da ake yafewa. Ka karanta na biyun sau biyu, domin kulob yana da ikon canza wasu dokoki a cikinsa, kuma "ban sani ba" ba ta zama hujja a gaban kwamitin da ke sauraron ƙararrakin tsere.

Dokokin kansu hukumar World Sailing ce ke fitar da su, wadda aka kafa a Paris a 1907 da wani suna daban. Ana sabunta littafin duk shekara huɗu bayan Olamfik, bugun da ya fara aiki a 2025 kuma zai kai 2028. Littafin yana da kauri, amma abin da sabon shiga ke buƙata bai wuce waɗannan ba. Doka ta 10: idan jirage biyu suka haɗu iska na shigar musu ta ɓangarori dabam-dabam, wanda iska ke shigar masa ta hagu shi zai kauce wa wanda take shigar masa ta dama. Doka ta 11: idan ta ɓangare ɗaya take shigar musu kuma suna kafaɗa da kafaɗa, wanda ya fi kusa da inda iska ke fitowa shi zai kauce. Doka ta 12: na baya shi ke kauce wa na gaba. Doka ta 13: wanda ke tsakiyar juya goshinsa ta cikin iska shi ke kauce wa kowa. Doka ta 14 kuma ta ɗora wa kowa, har da mai gaskiya, nauyin guje wa karo muddin hakan zai yiwu. Ka rubuta "dama" a gefen dama na sandar da ke ƙarƙashin filafili idan ka ga kana ruɗewa, babu abin kunya a ciki.

Mataki na uku: gyaran jirgi

A nan magana ba ta da yawa. Ka bi kowace igiya daga farkonta zuwa ƙarshenta kana neman inda ta goge, ka duba kowane ƙarfe da kusa, ka tabbata tosassun ramukan da ke riƙe iska a cikin gangar jirgi ba sa yoyo, ka goge ƙasan jirgi da allon da ke nutsewa a ƙarƙashinsa da kuma linzamin da ake juya shi da shi. Abin da ke hana mutum kammala tsere galibi ƙaramin abu ne da ya ga alamarsa tun makon jiya ya ce sai wani lokaci, kuma mun riga mun ga cewa farashinsa maki 16 ne.

Mataki na huɗu: safiyar tsere

Ka duba hasashen yanayi tun daren jiya, sannan ka gwada shi da abin da idonka ya gani a bakin ruwa. Ma'aunin Beaufort, wanda ya samo asali a 1805, shi ne harshen da matuƙa ke magana da shi. Mataki na 3, wato iska mai gudun kilomita 12 zuwa 19 a awa, shi ne mafi daɗi ga mai koyo. Mataki na 4, kilomita 20 zuwa 28, yana buƙatar ka rataya jikinka a wajen jirgi don danne shi. Daga mataki na 5, kilomita 29 zuwa 38, ƙananan jirage sun fara kifewa. A tuna cewa ƙarfin bugun iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta: idan gudun ya ninka biyu, bugun ya ninka huɗu. Dokar tsere ta bar wa kowane jirgi shawarar ko zai fita ko ba zai fita ba, don haka kada kunyar idon jama'a ta tura ka cikin abin da ya fi ƙarfinka. Rigar hana nutsewa kuwa ba abin muhawara ba ce.

Ka shiga ruwa aƙalla minti ashirin kafin lokaci. Ka yi tafiya kana fuskantar iska ta dama da ta hagu, ka lura da abin da goshin jirginka ke nunawa a gaɓa kowane lokaci, domin da wannan za ka gane juyawar iska idan tsere ya fara.

Mataki na biyar: tashi

Babu wurin da ake rasa matsayi da yawa cikin ɗan lokaci kamar layin tashi. Layin ba a zana yake ba, tsakanin jirgin alƙalai ne da wata alama mai yawo a kan ruwa, kuma ba a tsaye ake jira ba, kowa yana ta kai da komo yana neman ya tsallaka da cikakken gudu daidai daƙiƙar da aka saki tsere. Tsarin da ke cikin doka ta 26 shi ne: saura minti 5 a ɗaga tutar rukuninku, saura minti 4 a ɗaga tutar shiri, wadda galibi shuɗiya ce mai farin murabba'i a tsakiya, saura minti 1 a sauke tutar shiri da dogon ƙaho, sannan a sauke tutar rukuni, tsere ya fara. Wasu ƙananan kulob suna taƙaita shi zuwa minti uku. Da tuta ake ƙirga lokaci, ƙaho jan hankali ne kawai, saboda haka ka danna agogonka kana kallon tuta, idan ka makara a ta farko ka gyara a ta biyu.

Abu uku za ka yi kafin minti biyar ɗin nan. Na farko, ka gano wane kan layi ne ya fi kusa da iska: ka tsaya a tsakiyar layi ka juya goshin jirgi ya fuskanci iska sak har filafili ya riƙa kaɗawa a tsakiya, kan layin da goshin ya fi karkata gare shi shi ne mai riba. Na biyu, ka je bayan jirgin alƙalai ka hango alamar ɗaya kan, ka ga wace bishiya ko gini ne ya yi daidai da ita a gaɓa, domin da shi za ka san ko ka kai layi idan kana tsakiya. Sababbin matuƙa kusan kullum suna zaton sun kai layi alhali saura tsawon jirgi biyu ko uku. Na uku, ka auna daƙiƙa nawa jirginka ke ɗauka daga wani wuri da ka sani zuwa layin.

Sai dai ga inda ra'ayina ya bambanta da na masu zafin kai. Kan layi mai riba shi ne inda gwanaye ke cunkushewa, kuma a cikin goma da suka nufe shi, biyu ne ke fita lafiya, saura su maƙale a inuwar filafilan wasu. Filafili yana lalata iskar da ta ratsa shi har tsawon jirage da dama a bayansa, wanda ya shiga wannan gurɓatacciyar iska kuwa gudu zai ragu masa, ya kuma kasa fuskantar iska yadda ya kamata. A kakarka ta farko ka matsa kaɗan daga cunkoson, ka zo iska na shigar maka ta dama don doka ta kasance tare da kai, ka bar ɗan fili a gefenka na ƙasan iska, wato gefen da iska ke nufa, wanda za ka gangara ciki ka ɗauki gudu saura daƙiƙa biyar ko takwas. Idan ka tsallaka kafin lokaci za a ɗaga farar tuta mai shuɗin gicciye da ƙaho ɗaya, dole ka koma bayan layi gaba ɗaya kana kauce wa waɗanda suka tashi daidai. Idan ka yi kunnen uwar shegu ka ci gaba, duk wahalar ranar ta tashi a banza.

Mataki na shida: tafiya zuwa alamar farko

Alamar farko galibi tana can inda iska ke fitowa, jirgin iska kuwa ba ya iya nufar iska kai tsaye, iyakarsa ya yi kwana da ita kusan digiri 45. Don haka sai an riƙa karkace-karkace, a yi dama a yi hagu, ana juya goshi ta cikin iska. Gudu a nan ya dogara da abu biyu. Na farko, jirgi ya kasance a daidaice a kan ruwa, domin jirgin da ya kwanta gefe yana jan linzami, linzamin da ake ja kuwa birki ne. Na biyu, ka sa ido kan 'yan zaren da ke manne a fuskokin filafili biyu. Idan na ɓangaren iska ya fara rawa, ka matse wa iska da yawa, sai ka ɗan sauka, wato ka kawar da goshi daga iska. Idan na bayan filafili ne ke rawa, ka sauka fiye da kima, sai ka ɗan hau. Idan duka biyun suka miƙe suna kallon baya, kana kan daidai. Iska ta yi ƙarfi, ka ja igiyoyin da ke shimfiɗe filafili ya rage ciki. Ta yi rauni, ka sassauta su, ka matsa gaba ka zauna shiru.

Sai batun wace hanya za a bi. Iska ba ta tsayawa wuri ɗaya, musamman a tafki ko kogi da bishiyoyi da tuddai suka kewaye. Idan ta juyo ta gabanka har ta tilasta maka kauce wa alamar, to wannan juyawar riba ce ga wanda ke ɗaya ɓangaren, saboda haka lokacin juyi ya yi. Idan ta juya ta ba ka damar ƙara nufar alamar, ka zauna a kanta. Amma ka jira daƙiƙa kaɗan ka tabbata juyawar ta zauna, don kowane juyi yana cin gudu. Ka riƙa kallon fuskar ruwa a gabanka: inda ya yi duhu yana ɓalli-ɓalli, nan iska take.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne tafiya can ƙuryar fili ɗaya da fatan sa'a. Wanda ya yi haka wata rana zai zo na ɗaya ya yi ta ba da labari, amma a mako uku na gaba zai zo na ƙarshe. Ka fara da ɓangaren da ya fi nuna goshinka kusa da alamar, kada ka yi nisa da inda mafi yawan jirage suke, kada kuma tun daga nesa ka hau hanyar da za ta kai ka alamar kai tsaye ba tare da wani juyi ba, domin da zarar ka hau ta ba ka da sauran zaɓi, duk wanda ya juya a gabanka zai zuba maka gurɓatacciyar iska har ka isa.

Mataki na bakwai: kewaya alama da dawowa

Doka ta 18 ta zana da'ira mai nisan tsawon jirgi uku kewaye da alama. Idan jirage biyu suna kafaɗa da kafaɗa lokacin da na farkonsu ya shiga da'irar, na waje zai ba na ciki wurin kewayawa. Idan babu wannan haɗuwa, na baya ba shi da haƙƙin kutsawa ciki. Wannan doka ba ta aiki tsakanin jirage biyu da ke fuskantar iska ta ɓangarori dabam-dabam, a nan doka ta 10 ce ke nan daram. A alamar ƙasa, wato wadda ke can inda iska ke nufa, ka shigo da faɗi ka fita a matse, kamar yadda direba mai hankali ke shan kwana.

A dawowa iska tana bayanka, sai ka saki filafili waje, ka ɗaga allon ƙasa zuwa rabi. Yanzu na baya ne ke tare wa na gaba iska, don haka ka riƙa waiwaye. Juyi ta baya, inda sandar filafili ke tsallakowa da ƙarfi daga gefe zuwa gefe, shi ne inda aka fi kifewa da fasa kai, kuma ya fi sauƙi a lokacin da jirgi ke cikin gudu sosai. Doka ta 42 ta hana tura jirgi da girgiza shi ko kaɗa linzami kamar mai tuƙin kwalekwale.

Idan an yi kuskure

Wanda ya taɓa alama zai fita gefe ya yi kewaye ɗaya cikakke. Wanda ya shiga haƙƙin wani jirgi zai yi kewaye biyu a jere, sai dai idan umarnin tsere ya rage. Ka yi nan take, domin kewaye biyu na iya sa ka rasa matsayi uku, kora kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Idan kai aka yi wa laifi, ka ɗaga murya ka ce "Protest" a damar farko, jirgin da ya wuce mita 6 kuma sai ya nuna jar tuta, sannan ka shigar da ƙara a rubuce cikin wa'adi, wanda awa biyu ne bayan jirgin ƙarshe ya kammala idan umarnin bai faɗi wani abu dabam ba. A ƙaramin kulob da mutanen nan za ka sake haɗuwa mako mai zuwa, don haka ka yi ƙarar ba tare da faɗa ba.

Idan ka kife, kada ka rabu da jirgi. Ka tabbata abokin tuƙinka ya fito, ka saki igiyar filafili, ka juya goshi wajen iska, ka hau allon ƙasa ka jingina baya har jirgin ya tashi. Ka gwada wannan da gangan a rana mai sauƙin iska tun farkon kaka. Idan kuwa wani ne ke cikin haɗari, dokar farko a littafin ta wajabta maka taimaka masa, kwamiti kuma yana iya gyara maka makin da ka rasa a dalilin haka.

Mataki na takwas: tsakiyar kaka da ƙarshenta

Bayan kowane tsere ka rubuta layi biyar a ƙaramin littafi: ƙarfin iska da inda ta fito, saitin da ka yi, yadda tashi ya kasance, inda aka wuce ka, da abu ɗaya da za ka gwada mako mai zuwa. Zuwa tsere na shida za ka ga wani kuskure guda yana ta maimaituwa, kuma shi za ka ware wa yamma ɗaya ta atisaye. Ka tambayi wanda ya ci tsere dalilin da ya sa ya bi ta inda ya bi, yawancinsu suna jin daɗin a tambaye su.

Ƙaramin kulob da aikin sa kai yake tafiya, don haka wata rana za a sa ka a jirgin alƙalai ko jirgin ceto. Kulob da yawa suna ba mai wannan aiki matsakaicin makinsa don kada ya yi asara, kuma daga can za ka ga dukan tsere a shimfiɗe, ka ga yadda tsakiyar layi ke zama fili babu kowa.

Saura tsere biyu ko uku, ka ɗauki teburin maki ka lissafa wanda ke gabanka da wanda ke bayanka bayan an cire abin da za a yafe. Idan wani na binka da maki biyu, aikinka shi ne ka tsaya tsakaninsa da alama ta gaba, ya juya ka juya. Idan kuka yi kunnen doki, ana jera sakamakon kowa daga mafi kyau a ba wanda ya fi a wurin da suka fara bambanta, in har yanzu ba a rabu ba a duba tseren ƙarshe.

Da an rufe kaka, ka wanke jirgi da ruwan daɗi, ka buɗe tosassun ramukansa ya sha iska, ka bar filafili ya bushe sarai kafin ka naɗe shi a inda rana da ɓeraye ba za su kai gare shi ba. Duk abin da ya goge ko ya tsage, ka rubuta shi a shafin ƙarshe na littafin nan tun yanzu da kake tune da shi, ka sa ranar da za ka gyara kowanne kafin a fitar da sanarwar tsere ta baɗi.